Zuciyar roba da na saya a Bauchi don karatun kalmomin likitan zuciya, wata huɗu tana hannuna, ga yadda muka kwashe

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda muke cikin wahalar nan ta koyon tiranskirifshon tare, wato ka sa iyafis a kunne likita na zuba bayani a rikodin kai kuma kana bugawa a kwamfuta kalma bayan kalma. Tun da wasu 'yan ajinmu suka ga zuciyar robar nan a kan teburina aka dame ni da tambaya, a ina kika samo, nawa ne, tana da amfani kuwa ko kwalliya ce kawai irin ta ofishin likita. Ban so in yi saurin magana ba, kun san ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa, to ni dai wata huɗu na iya jira.

Abin da ya kai ni ga sayenta kunya ce. Na yi karatun adana bayanan marasa lafiya, na ɗan yi aiki a ɗakin kati, don haka na ɗauka kalmomin asibiti ba za su ba ni tsoro ba, darasin ƙashi na wuce lafiya, na ciki ma ba laifi, muna shigowa zuciya sai na ga ashe ban san komai ba. Asainmen ɗin farko rahoton eko ne, hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti irin ta sikanin masu ciki, rikodin ɗin bai kai minti biyar ba amma na fi awa biyu a kansa kuma na bar gurbi goma sha ɗaya fayau, sannan abin da ya fi ba ni haushi akwai wajen da likitan ya ce an turo mara lafiyar ne saboda "sistolik mama", na mayar baya ya fi sau goma, mama dai nake ji, na ce to ko mai shayarwa ce, na buga shi haka nan. Malamarmu ta zagaye wajen da ja ta sa alamar tambaya har uku. Ashe ƙarar nan ake nufi da likita ke ji a abin sauraron ƙirji idan jini na ratsa bawul, wato 'yan ƙofofin cikin zuciya, a hargitse, wani shuuu da ke shiga tsakanin bugu da bugu, har maki ake ba ta daga 1 zuwa 6 gwargwadon ƙarfinta. Ranar na gane kunnena lafiyarsa lau. Abin da ba ka san yana nan a jikin mutum ba, ko da lasifika aka faɗa maka sunansa wani abu daban za ka ji.

Neman ta ma sai da na sha yawo. Na leƙa shagunan littattafai ta wajen Wunti, fosta kawai suke da ita, ita ma ta jikin mutum gaba ɗaya ce zuciyar ba ta fi ƙwayar goro ba a ciki. Wata nas maƙwabciyarmu ce ta ce in duba masu sayar da kayan asibiti, na hau keke daga Fadaman Mada na nufi ɓangaren asibitin koyarwa na ATBU, a shago na uku na samu. Ba zan faɗi sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a gaba, irin waɗannan ne da ke cike da abin awon jini da safar hannu da keken guragu an rataye a ƙofa. Iri uku suke da shi. Akwai 'yar ƙarama da ba ta buɗewa, wannan kam abin wasan yara ce kar ma ku kalle ta, akwai mai girman zuciyar mutum da ke rabewa biyu, sai wata ƙatuwa kamar kabewa mai ɓangarori da yawa da ya ce ta haura dubu tamanin, ita makarantu ke saya. Ta tsakiyar ya ce 22,000, na ce Malam ni ɗaliba ce fa ba asibiti zan buɗe ba, aka yi ta ja har muka tsaya a 17,500, kuma da na ce zan biya ta POS sai da aka ɗora min caji. Yaron shagon da farko ya hana ni buɗe kwali wai in an buɗe an saya, sai da maigidan nasa ya ɗago kai ya ce "bar Malama ta duba mana", na duba ɗin amma a lokacin ban san me zan duba ba, abin da ya cuce ni kenan.

Girmanta kamar dunƙulen hannun babban mutum, ta gaske ma haka take, nauyin ta gasken tsakanin giram 250 zuwa 350 ne, ita wannan ba ta kai ba don cikinta holoƙo ne. An dasa ta kan wani siririn ƙarfe mai faranti a ƙasa, tana zarewa, bangon gaba kuma yana ɓallewa ka ga ɗakunan nan huɗu da bawul huɗu, kowane abu da 'yar lamba a jikinsa, ga takarda a kwalin mai fassara lambobin.

Daren farko na fahimci abin da na yi sati uku ina haddacewa bai zauna ba. Zuciya gida biyu ne a jere masu katanga ɗaya, katangar ita ce seftom, kuma babu ƙofa tsakaninsu. Kowane gida na da zaure a sama da ɗaki a ƙasa. Zauren shi ne atiriyom, kuma ba ni na ƙirƙiro kwatancen ba, a Latin kalmar sunan filin da ake tarbar baƙi ne a gidajen Rumawa, wato zaure dai sak, shi kuma bentirikul ma'anarsa ƙaramin ciki. Na ɗauki tsinken tsintsiya na dinga bin hanyar jini da shi, in shiga ta bena kaba, wato babbar jijiyar da ke dawo da jini daga jiki, ta sama ko ta ƙasa, in faɗo zauren dama, in ratsa bawul ɗin tiraikosfid in sauka ɗakin dama, in fita ta bawul ɗin falmonari zuwa huhu, in dawo ta jijiyoyi huɗun nan na baya in shiga zauren hagu, in ratsa maitiral zuwa ɗakin hagu, in fice ta bawul ɗin eyota zuwa ita babbar jijiyar eyota mai lanƙwasa kamar mariƙin buta. Ina yi ina faɗin sunayen da ƙarfi har ƙanina ya leƙo yana tambaya ko ruƙiyya nake. Sau ashirin na yi a daren, tun daga nan ban sake ruɗa jerin ɗakunan ba (sunayen bawul biyu kam takardar kwali ta sa na juya su, zan zo kan wannan), don yanzu hannuna ne ya san hanyar ba kaina kaɗai ba.

Wannan katangar da ba ta da ƙofa ma akwai labari a kanta da ya burge ni. Likitocin da sun daɗe suna cewa akwai ƙananan huji a jikinta da jini ke bi daga dama zuwa hagu, sai Ibnun Nafis, likitan nan haifaffen ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ce babu wani huji, dole jinin ya bi ta huhu ya zagayo. William Harvey na Ingila da ake yawan ambata sai a 1628 ya fitar da bayaninsa na zagayen jini a jiki gaba ɗaya. Idan kuma ka ji likita ya ce ASD ko VSD, to an haifi mutum ne da huji a katangar, na farko tsakanin zaurukan, na biyu tsakanin ɗakunan, ni yanzu ina jin haruffan nan idona ke sauka kan daidai wajen a robar.

Akwai abu biyu da ta warware min wanda fosta ba ta iya ba. Na farko dama da hagu. Idan zuciyar na fuskantarka damanta yana hagunka ne, kamar mutumin da kuke gaisawa, a takarda kullum sai na juya su, da na zare robar daga ƙarfenta na kara a ƙirjina tana kallon gaba, tsininta na nuna ƙasa ta hagu, shikenan magana ta ƙare. Na biyu maganar jijiya. Mu a Hausa komai jijiya ne, ta jini jijiya, ta agara jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya, su kuwa kowace da sunanta, kuma ni da na ɗauka ateri ita ce mai jan jini ben kuma mai baƙin jini. Sai ga falmonari ateri a robar an shafa mata shuɗi, falmonari ben kuma ja, na ce shikenan sun yi kuskuren fenti. Ashe ni ce da kuskure. Ateri duk wadda ta fita daga zuciya ce, ben kuma wadda ta dawo, ko wane irin jini suka ɗauko, ita ta huhun tana fita ne da jinin da bai sha iska ba tukunna shi ya sa take shuɗiya. A nan kam na sara wa wanda ya yi fentin.

Kaurin bango ma sun yi shi daidai. Kana buɗewa za ka ga naman ɗakin hagu ya ninka na dama kusan sau uku, don na dama huhu kawai yake tura wa jini, nan kusa, na hagu kuwa daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa shi ke da alhaki. To ga hawan jini da ya yi mana katutu a gari, in aka daɗe awo na kai 140/90 ko sama ba a kula ba, naman nan ƙara kauri yake kamar damtsen mai dakan hatsi, shi ne LVH ɗin da kusan kowane rahoton eko na masu hawan jini za ka ji an ambata. Da ina buga haruffan ne kamar lambar mota, yanzu na san abin da suke nufi.

Sai jijiyoyin koronari da ke ciyar da ita kanta zuciyar, sunan daga kalmar kambin sarauta ya fito don sun naɗe mata kai kamar rawani. A robar sun fito sosai, ana jin su da yatsa, ta dama RCA, ta hagu kuma ta rabu biyu, LAD ta gangaro ta gaba, sakamfileks ta zagaya baya. Idan ɗaya ta tsuke nama bai samun isasshen jini shi ne iskimiya, in ta toshe har naman ya mutu shi ne infakshon, kuma da ka riƙe robar za ka gane dalilin da toshewar LAD ke zuwa da maganar bangon gaba a rahoto, ai nan take shayarwa.

To yanzu laifinta, kuma ba kaɗan ba ne.

Takardar da ke kwalin ita ce babbar matsala. Rabinta rubutun Sin ne, rabin Turancin kuma ƙanana ne kamar ƙwayar gero ga kuskuren harafi a wurare da dama, wanda a aikinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda harafin shi ne sana'ar. Mafi muni, lambobi biyu an musanya su, lambar da ke kan bawul mai ganye uku an rubuta mata maitiral, ta kan mai ganye biyu an ce tiraikosfid. Na yi kwana huɗu ina haddace shi a juye wallahi, sai da na zo karanta asalin sunayen na ga tiraikosfid ma'anarsa mai tsini uku kuma a dama yake, maitiral kuwa ganye biyu gare shi a hagu, an sa masa sunan ne don ya yi kama da doguwar hular nan ta manyan limaman coci. Da ban bincika ba da haka zan tafi jarrabawa. Kuma maitiral ba bawul ɗin wasa ba ne a wajenmu, shi ciwon zuciyar rumatik ya fi kamawa, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa yaro magani da kyau ba, za ka yi ta jin sunansa a rahoton matasa.

Su kansu bawul ɗin kuma ba sa motsi, roba ce sandararriya an zuba ta a haka. Ga wanda ke son gane bambancin sitenosis da rigajiteshon wannan naƙasu ne babba, don na farkon ƙofa ce ta ƙi buɗuwa sosai jini na matsawa da ƙyar, na biyun ƙofa ce ta ƙi rufuwa ruf jini na komawa baya, to yaya za ka ga haka a ƙofar da ba ta buɗuwa ba ta rufuwa? Bugu biyun nan da ake ji a ƙirji ma rufuwar bawul ne, S1 maitiral da tiraikosfid, S2 na eyota da na falmonari, duk wannan a robar sai dai ka ƙiyasta. Jakar da zuciya ke ciki, ferikadiyom, ita babu ita sam, alhali ruwa na taruwa a cikinta kuma ana rubuta shi a eko, tarin fuka ma na jawo shi.

Wayarin ɗin zuciya ma ba su sa ba ko da zane. SA nod da ke saman zauren dama mai kunna bugu 60 zuwa 100 a minti, AV nod da ke ɗan riƙe saƙon kafin ya wuce, damin His da rassansa biyu, da zaren Purkinje, babu ko ɗaya, kuma rabin maganar ECG, gwajin nan da ke zana lantarkin bugun zuciya a takarda, a kansu take. Ni na sayi alƙalamin maka mai rubutu a roba na zana su da kaina, na ɗiga kore a inda nod biyun suke na ja layi ta cikin katanga. A nan ma na taɓa kwafsawa, na ji likita ya ce His na ɗauka "nasa" ɗin Turanci ne na buga da ƙaramin harafi ina ta mamakin damin wa ake nufi, ashe sunan mutum ne, Wilhelm His, shi ya bayyana shi a 1893, shi ma Purkinje sunan wani masani ne ɗan ƙasar Cek. Duk sunan mutum babban harafi ne, a kiyaye. Kuma in kana aiki da rikodin ɗin Amurka za ka ji suna cewa EKG, abu ɗaya ne da ECG, K ɗin daga rubutun Jamusanci ta samo asali.

Ƙarfinta kuma sai a hankali. Wasu 'yan ƙusoshin roba biyu ne ke riƙe bangon gaba, ɗaya ya karye a sati na shida ba tare da ta faɗi ba, buɗewa da rufewa ne kawai, yanzu da robar ɗaure kuɗi nake riƙe ta. Jan fentin eyota ya fara gogewa inda nake yawan kamawa, lambobi uku sun shafe, farantin ƙasan kuma ba shi da nauyi, iskar fanka in ta yi ƙarfi sai ka ga tana rawa. Satin farko ma wani wari take na sabuwar roba, sai da na shanya ta a inuwa kwana biyu.

Na koma shagon da takardar a hannu. Maigidan ya karɓe ni da mutunci ba zan ɓoye ba, ya sa aka ba ni kujera da ruwan leda, ya sa tabarau ya duba ya ce "Malama ai ni ɗan kasuwa ne ba likita ba, yadda suka zo a katan haka muke sayarwa", muka buɗe wani kwalin tare, kuskuren iri ɗaya ne, wato duk wanda ya saya ya kwashi abin da na kwasa. Maganar mayar da kuɗi babu, a rasit ma an buga ba a dawo da kaya. Abin da ya yi dai ya ba ni fostar zagayen jini a rabin kuɗi, kuma ya karɓi biro ya gyara lambobin a takardun sauran kwalaye biyun da suka rage a gabana, wannan kam na ji daɗinsa.

Abin da ya cike min giɓin robar kuwa zuciyar rago ce. Na je wajen mahauta a kasuwar Muda Lawal da sassafe na ce Baba don Allah zuciya nake so amma kar a yanke mata kai, a bar min jijiyoyin da tsawonsu, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "'yata lafiya dai ko, ba aikin malamai ba ne?" muka yi dariya na ce karatu ne. Dole sai ka faɗa musu tun kafin su gyara, in ba haka ba suna shafte saman ne zaurukan su tafi. Ɗaki huɗu gare ta kamar tamu. Na yanke saman zauren hagu na zuba ruwa a ciki na matsa ƙasan a hankali, sai ga ganyen maitiral biyu sun taso sun haɗe baki ruf a gaban idona, kai ranar har tsigar jikina ta tashi, Allah mai iko. Ga wasu fararen zaruruwa kamar na lema suna riƙe da ganyen don kar ya kife baya, kodi tendini kenan, an ɗaure su a wasu 'yan tsokoki masu tsini da ake ce wa fafilari, a robar zane ne kawai aka yi musu. Na ajiye su gefe da gefe, roba na ba ni suna rago na nuna min aiki, da na gama Inna ta soye ta muka ci da masa. In Babbar Sallah ta zo kar ku bari a yanka zuciyar layya kafin ku duba ta.

Amma fa kar wani ya ɗauka in ya sayi roba ya gama. Tarkon kunne yana nan, musamman mu da harafin P ke zame mana F a baki da kunne. Hawan jini da faɗuwar jini a Turancin asibiti bambancinsu wasali ɗaya ne, a kunnena haifa-tenshon da haifo-tenshon, ni har waƙa na mayar da shi, haifa sama haifo ƙasa, kuma in na yi shakka lambar awon nake dubawa, wanda aka ce 80/50 ai ba hawa ya yi ba. Haka falfeshon da falfiteshon, na farko likita ne ke taɓa jiki da hannu yana lalube, na biyu mara lafiya ne ke jin zuciyarsa na dakan uku-uku. Atiriyal da ateriyal kuwa a nan robar ta taimaka, ɗaya na zaure ne ɗaya na jijiya, in ka ji fibrileshon ya biyo baya ka san zaure ne ke karkarwa. Lambobi su ne suka fi ban tsoro. Sha biyar da hamsin a Turanci kusan sauti ɗaya ne in likita na sauri ko yana tauna wani abu, to EF, wato kason jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu, lafiyayye daga wajen 55 zuwa 70 cikin ɗari yake, 50 yana bakin iyaka, 15 kuwa zuciya ce da ta gaji tilis, in ka musanya su ka mayar da majinyaci mai lafiya a takarda. Digokzin, wani maganin zuciya, shi ma haka, 0.125 ko 0.25 miligiram ake bayarwa, kullum a sa sifiri kafin ɗigo don in ɗigon ya ɓace a firinta an shiga uku. In ba ka ji da kyau ba ka bar gurbi ka sa alama likita ya cike, ya fi ka yi cinta.

Sauran kuma fasa kalma ne kamar gyaɗa. Kadiyo zuciya, mayo tsoka, endo ciki, feri kewaye, aitis kumburi, megali girma fiye da ƙima, fati cuta, taki sauri wato sama da 100, biradi nawa wato ƙasa da 60. Ranar da na fara jin ferifatom kadiyomayofati na cire iyafis na ce wannan kam ba da ni ba, da na fasa ta sai ga shi cutar tsokar zuciya ce ta wajen haihuwa, irin wadda mai jego ke kumbura ƙafa tana haki ba ta iya kwanciya miƙe, kuma abu ne da aka san arewacin ƙasar nan da shi, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa har suka kawo maganar wankan jego da kunun kanwa. Na tuna wata 'yar uwarmu da aka yi ta cewa iska ce ta shige ta bayan haihuwa, jikina ya yi sanyi. Na ɗauki robar na kalli ɗakin hagun nan na yi tunanin ya saki ya zama kamar tsohuwar jakar leda, kalmar ba ta sake min tsawo ba.

Wasu za su ce ai akwai manhajoji a waya masu juya zuciya ta ko'ina har tana bugawa, gaskiya ne kuma sun fi ta nuna motsi da wayarin, ina da ɗaya. Amma wayar da nake sauraron darasi da ita ita ce kuma zan buɗe manhajar, ga data ga caji, in NEPA suka ɗauke wuta kwana biyu kana lallaɓa kashi goma sha biyar ɗin da ya rage ba zuciya za ka tsaya juyawa ba. Ita robar tana nan gefen kibod, likita na cewa bangon ƙasa ko bangon gefe sai in miƙa hannu in taɓa ba tare da na tsayar da rikodin ba. Rahoton ekon da ya ci min awa biyu, irinsa yanzu minti ashirin da biyar zuwa talatin ne, gurbi ɗaya ko biyu.

In maki ne zan ba ta shida da rabi cikin goma, shagon kuma bakwai saboda halin maigidan. Wanda ya riga ya yi nas ko ya yi aiki a sashen zuciya bai buƙatarta, ya riƙe kuɗinsa. Irina da muka shigo daga ɗakin kati ko daga taifin zalla kuwa tana da amfani, amma 17,500 ba kuɗin wasa ba ne yanzu, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi ɗaya tana zagayawa, sati biyu a hannun mutum ya ishe shi. In kun je ku nace sai an buɗe kwali a gabanku, ku ƙirga ganyen bawul, uku a dama biyu a hagu, ku gwada lambarsu da takarda, ku juya bayanta ku ga jijiyoyi huɗu na shiga zauren hagu, ku ɓalle bangon ku mayar sau uku ku ji ko ƙusoshin na da ƙwari, in akwai mai maganaɗisu a maimakon ƙusa ku ƙara kuɗi ku ɗauke ta. Tawa yanzu tana Gwallameji wajen wata 'yar ajinmu da ta ce aron kwana uku, yau kwana goma sha ɗaya, in kina karanta wannan don Allah ki haɗo min har da robar ɗaurin, ranar Litinin za mu fara darasin kateta, siririn bututun nan da ake zurawa ta jijiya zuwa zuciya.